Fatar Baba Ba Ta Kai Fas Ba

Wata biyu ke nan da dawowata daga Maroko, amma har yau ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta Mabera ba. Da na ɗaga kofi sai Malam Nasiru ya ce, to matafiyi, a ba mu labarin jirgin ƙasa. Na ba su labarin sanyi, na ba su na abinci, na nuna hotuna har waya ta mutu. Duk da haka Nasiru, da yake ba a ɓoye masa abu, ya ce ya lura akwai wurin da nake tsallakewa kullum. Gaskiyarsa. To ga shi na rubuta duka, har da wurin da nake tsallakewa, wanda ya karanta don Allah ya ƙyale ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ummaru, ina aiki a wani ofis a Sama Road, shekaruna hamsin da biyu. Mu Sakkwatawa layin dogo bai taɓa zuwa garinmu ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya ya yi zamansa. Tun ina yaro nake marmarin shiga jirgin ƙasa, ban shiga ba sai da furfura ta fito. Da na gaya wa matata Hajara cewa hutun bana Maroko za ni, ni kaɗai, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in jirgin ƙasa ne ai ga na Kaduna nan, me ya kai ni ƙasar Larabawa. Na ce mata birnin Fas nake son gani. Ta san dalili, sai ta ci gaba da ninke mini kaya.

Dalilin kuwa mahaifina ne. Baba majemi ne, ɗan majemi, jikan majemi. Ni na fara gudun sana'ar a gidanmu, domin a firamare yara na toshe hanci in na shiga aji, kuma wannan abin bai bar zuciyata ba har na girma. Tun muna ƙanana yake ba mu labarin da ya ji wurin kakansa, cewa fatar jar akuyarmu ake ɗora wa raƙuma a ƙetare hamada da ita har Fas, daga can Turawa su saya su laƙaba mata sunan Maroko. Yanzu ya haura tamanin. Ido ya tafi, hannu na rawa, ya bar jima. Shekara biyu da suka wuce ya jeme fatarsa ta ƙarshe da bagaruwa, ya rina ta ja da karan dafi, ya naɗe ya sa a ƙarƙashin matashinsa. Ranar da na je yi masa sallama ya laluba ya ciro ta.

"Ummaru, in ka kai Hwas ka biɗi majemi tsoho, ba yaro ba," in ji shi. "Ka aza mashi ita ga hannu, kak ka ce komi. Abin duk da yac ce, ka riƙo man shi yadda yake."

Na ce to Baba, wannan ai ba wani aiki ba ne. Haka na faɗa, wallahi, har da 'yar dariya.

Daga Sakkwato zuwa Abuja mota na bi, kuma kun san wannan hanyar, ba sai na ɓata muku rai ba. Addu'a muka yi ta yi daga Talatar Mafara har Funtuwa. A filin jirgin sama wani Bakano ya ji ina waya da Hajara, ya juyo ya ce, Basakkwace, ina za ka da jaka ɗaya kamar ɗan makaranta? Na ce yawon buɗe ido. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bai taɓa ganin Bahaushe ya hau jirgi ba don Hajji ko saro kaya ko asibiti ba.

A Kasabalanka, inda jirginmu ya sauka, aka fara yi mini ɓarna. Hajara ta ƙulle mini kilishi mai yawa, ta ce in ci, in kuma ba duk wanda ya yi mini alheri a hanya, kada in zama baƙo mai hannu sake. Jami'in kwastan ya buɗe jaka, ya sunsuna, ya ce nama ba ya shiga. Na yi magiya da Larabcin da na koya a makarantar ilimi, ya saurare ni da ladabi, sannan ya jefa kilishin a kwando. Ina kallo. Da ya zo kan fatar ya warware ta, ya tambaye ni mece ce. Na ce abin shimfiɗa ne na salla. In kun tambaye ni me ya hana ni cewa aikin hannun ubana ne, na san amsar, kuma ba ta da daɗin faɗa.

Kwana ɗaya na yi a garin, a wani ƙaramin masauki kusa da tashar jirgi. Mai masaukin ya ce Larabcina kamar na limami a kan mumbari, su kuma nasu Larabcin an yanyanke shi an zuba Faransanci, ko rabi ba na kamawa. Da safe aka ba ni burodi da man zaitun da shayin na'a-na'a mai sukari kamar za a kashe mutum. Na zauna ina jiran a kawo abincin, ashe shi ke nan. Gaisuwarsu kuwa ta burge ni, in sun yi musabaha sai su dafa ƙirji kamar mu, sai dai maza na sumbatar juna a kumatu, ni kam na riƙa ja da baya.

Na isa tasha awa biyu kafin lokaci. Ba ɗan kamasho mai ihu, ba mai fizgar jaka, ba jiran mota ta cika. Ƙarfe nawa aka rubuta, ƙarfe nan jirgin ya shigo, kuma da ya tashi ban ma ji ba sai da na ga ginin tashar yana ja baya. Na ce Allahu Akbar a fili, wata mata ta juyo ta dube ni. Shekara arba'in ina jiran wannan ranar.

Murnar ce ta sa ban duba tikitina da kyau ba, na shiga taragon da ba nawa ba, na baje a kujerar wani. Da mai kujerar ya zo muka yi ta magana ba mai jin wani. Nan wani mutum mai kimanin shekara arba'in ya shiga tsakani, ya karɓi tikitin ya duba, ya ce ai ɗakinmu ɗaya, da yake taragun nan ɗaki-ɗaki aka raba su. Kafin in yi magana ya saɓa jakata a kafaɗa, ya yi gaba, na bi shi muna ratsa taragu huɗu jirgi na girgiza mu. Sunansa Idris, wanzami ne a garin Miknas, ya kai mahaifiyarsa asibiti a Kasabalanka suna komawa gida. Tsohuwar na zaune a bakin taga cikin farar jallabiya, ƙarama, mai ƙunshi a hannu. Ya ce sunanta Lalla Zuhra. Ta matsa ta ba ni wurin tagar, wai baƙo shi ya kamata ya ga ƙasa.

Bayan mun wuce Rabat ta buɗe kwando. Kaza, ƙwai, zaitun, burodi mai faɗi, da shayi a fulas. Ta miƙo mini, na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, alhali tun burodin safe cikina ke kuka. Ta sake miƙowa, na sake ƙi, kamar yadda aka koya mana. Ba ta tsaya jiran na uku ba, ta kamo hannuna ta danƙa mini cinyar kaza, ta yi wata magana da ta sa Idris dariya. Ya fassara mini da Larabcin littafi, wai ta ce ita ta haifi maza biyar, ta san fuskar mai jin yunwa. Na ci, jama'a, na ci har na ji kunya. Ta ɓare mini ƙwai da hannunta, ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka. Rabona da a yi mini haka tun rasuwar Inna.

To a nan abin ya faru. Kun san halinmu, ba a yi maka alheri ka tashi ka karkaɗe riga. Na jawo jaka ina lalube ko akwai abin da zan ba su, na manta kilishi na kwandon kwastan. Ba goro, ba turare, ba komai sai tufafina. Ina cikin birkita kaya naɗin fatar ya zamo ya faɗo a kan kujera. Tsohuwar ta ɗauka ta warware a cinyarta. Rana ta shigo ta taga ta haske jan nan, ni kaina ban taɓa ganin kyanta kamar ranar ba. Ta shafa, ta ce masha Allah. Ta kai kumatunta, ta sake cewa masha Allah. Ta ce tun tana yarinya rabonta da taɓa fata mai laushin wannan.

Sai na ji bakina ya ce, ai taki ce, Hajiya.

Ku da kuke 'yan gida kun san wannan maganar. Mutum ya yaba abinka, ka ce ai naka ne, ya ce a'a Allah ya bar maka, ka ce don Allah ɗauka, ya ce wallahi a'a, shi ke nan kowa ya fita kunyar kowa, abu ya koma jakar mai shi. Haka na zata za a yi. Ta kuwa ƙi, ta turo mini ita tana girgiza kai. Ni kuma na mayar mata, na ce don Allah ta karɓa, ina jiran ƙi na biyu in naɗe abina. Ƙi na biyu bai zo ba. Ta dubi ɗanta, ɗanta ya dube ni, sai ta rungume fatar a ƙirji, idonta ya cika da hawaye, ta ɗaga hannu ta shiga yi mini addu'a, ni da iyayena da zuriyata. Ni kuwa ina ta cewa amin.

Daga nan zuwa Miknas akwai kusan awa guda. Awa guda cur ina zaune ina kallon fatar a cinyarta. Jimla ɗaya ce ta rage in faɗa: ku yi haƙuri, saƙon mahaifina ne. Na san Larabcinta sarai, na jera ta a zuciya ya fi sau goma. Mutanen kirki ne, da sun mayar mini ba tare da ɓacin rai ba. Amma ta yaya namiji da furfurarsa zai yi kyauta ya ce a dawo masa da ita? Kuma kada in yi muku ƙarya, na ji daɗin yadda sauran fasinjojin ɗakin suka riƙa kallona, baƙo daga Nijeriya mai buɗaɗɗen hannu. Jirgi ya tsaya, Idris ya rungume ni, ya kama hannun uwarsa suka sauka. Ko lambar wayarsa ban karɓa ba. Na ga farar jallabiyarta ta shige cikin mutane, jirgi ya ja.

Sauran hanyar zuwa Fas ban san me muka wuce ba.

Masaukina a cikin tsohon gari yake, inda mota ba ta shiga. Lunguna ne matsattsu, wani ma in ka buɗe hannu biyu sai ka taɓa bango da bango, alfadarai ne ke dakon kaya, in ka ji an yi tsawa a bayanka sai ka manne da gini. Sau uku ina ɓata kafin in gane ƙofar. Daga waje gidan kamar kango, ka shiga ciki ka tarar da tsakar gida mai tayil shuɗi da famfo na zubar da ruwa. Mu a waje muke yi wa gida kwalliya don masu wucewa, su kuwa a ciki suke ɓoye tasu. An kawo mini nama da busassun 'ya'yan itace a cikin wata tukunyar ƙasa mai murfi kamar malfa. Nama da zaƙi! Na tsakura kaɗan na ture, mai gidan ya zaci girkin ne bai yi mini ba.

Washegari, maimakon in ga gari, na koma tasha na hau jirgin Miknas. Wai zan nemo wanzami mai suna Idris. Ku yi dariya, ni ma yanzu ina yi. Garin ya fi Gusau girma, kuma kusan kowane layi da shagon aski. Na farko da na shiga na ji nauyin yin tambaya ban zauna ba, sai na zauna aka yi mini aski. Na biyu aka gyara mini gemu. A na uku babu sauran abin askewa, mai shagon ya dubi kaina ya ce me kuma nake so. An nuna mini Idris har biyu, ɗaya tsoho tukuf, ɗaya saurayi mai ɗan kunne. Da la'asar na dawo Fas da kai fes kamar ƙwarya, hannu babu komai.

Kwana na biyu na yi abin da masu yawon buɗe ido ke yi. Na ga babbar ƙofar gari mai ado, na yi azahar a tsohon masallacin da aka ce malamai sun yi ɗaruruwan shekaru suna karantarwa a ciki, na ga maƙeran tagulla da masaƙa. Na ɗauki hotunan da na nuna muku. Duk inda na juya sai wani ya tare ni ya ce zo in kai ka majema, ni kuma in ce gobe.

Rana ta uku, wadda ita ce ta ƙarshe, na je. Tun daga nesa hancina ya gaya mini na iso. A bakin ƙofa ana raba wa Turawa ganyen na'a-na'a su toshe hanci, aka miƙo mini na ce ba na so. Warin nan da na yi shekara arba'in ina gudu, da ya buge ni sai na ji kamar na shiga zauren gidanmu, har na tsaya na dafa bango. Masu kallo daga saman bene suke leƙe, ni na roƙa aka bar ni na sauka ƙasa. Ramuka ne jere da yawa, wasu fari, wasu ja, wasu rawaya, maza tsaye a ciki har cinya suna tattaka fata. Yadda suke lanƙwasa baya suna kankare gashi, sak Baba lokacin da yake da ƙarfi.

Na ce a kai ni wurin babbansu. Aka kai ni wani ɗan ɗaki, na tarar da tsoho zaune a kan buhu, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, ana kiransa Mu'allim Ahmad. Ya yi karatun allo, don haka muka fahimci juna. Na gaya masa daga inda na zo, kuma a karo na farko a rayuwata na ce wa baƙon mutum, ni ɗan majemi ne, ban ji komai ba. Bai san sunan Sakkwato ba. Amma da na ce ƙasar baƙaƙe, bayan hamada, inda ake da jar akuya, sai ya gyara zama. Ya ce kakansa ya sha ba su labarin wannan fatar, wai ba ta tsagewa, ba ta tsufa, da ita ake yi wa manyan littattafai bango. Shi dai ji yake yi, bai taɓa riƙe ta ba.

"Ka zo da ita?" ya tambaye ni.

Na ciro waya na nuna masa hoton da na ɗauka a gida. Ko kallo bai yi ba, ya ture wayar gefe a hankali.

"Ba a ganin fata da ido, ɗana," ya ce, ya buɗe tafin hannunsa ya miƙo mini.

Na tsaya ina kallon hannun nan. Na gaya masa abin da ya faru a jirgi, ban rage komai ba. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma ce mini "ba komai" ba. Ya naɗe hannunsa, ya tashi da ƙyar, ya zaɓo wata fata rawaya cikin nasa aikin, ya ce in kai wa mahaifina, in ce ɗan'uwansa na Fas yana gaishe shi. Na sake karɓar alheri ba ni da abin mayarwa.

Tun daga Fas har Abuja, har Funtuwa, har Talatar Mafara, ƙarya nake shiryawa. Na gyara ta, na goge ta, har ta yi kyau.

Na isa gidan Baba da hantsi, na tarar da shi a zaure kan tabarma. Bayan gaisuwa na aza masa fatar Fas a hannu. Ya daɗe yana murza ta, ya ja, ya sunsuna, ya juya bayanta ya bi da yatsa daga wuya har wutsiya. Ya ce wanda ya yi wannan ya san aiki, sai dai ya ɗan yi gaggawar cire ta daga ruwa. Fuskarsa ta yi haske yadda na daɗe ban gani ba. Sannan ya ajiye ta ya juyo da kunnensa wajena.

"To, tawa hwa? Mi yac ce?"

Na ce ya yaba ƙwarai, Baba. Ya ce bai taɓa riƙe fata mai laushinta ba, har ya kai ta kumatunsa. Maganar tsohuwar jirgi na ɗauko na sa a bakin Mu'allim Ahmad.

Baba ya ce, shi ke nan abin da ya faɗa? Na ce shi ke nan.

"Bai ce komi ba bisa wuyan?"

Na ce wane wuya?

"Wuƙa ta zame man nan ga wuya, ta baya. Na ji ta ga hannu, amma ban gani. Na tambayi mutanen gida, kowa ya ce ba komi, don suna jin kunyata. Shi yas sa nib biɗi wanda bai san ni ba, shi hwaɗa man gaskiya in aikina ya ɓaci ko bai ɓaci ba." Ya numfasa. "Majemi ba ya riƙa hwata bai juya ta ba, Ummaru. Wa ka ba?"

Na faɗa masa. Jirgin, kazar, tsohuwar, awa gudan da na yi da magana a baki ban furta ba. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya tambaya ko tsohuwar ta yi murna, na ce har da hawaye. Ya ce to madalla, Allah ya sa ta more ta.

"Kyauta ba laihi ba ta," in ji shi. "Sai dai ba taka ba ta."

Na ce zan saya masa ɗanyar fata, in kawo bagaruwa, in zauna tare da shi ya nuna mini mu jeme wata, in koma da ita ko da baɗi ne. Ya ɗaga hannuwansa biyu a gabana, suna ta rawa, ya bar su a sama har sai da na sunkuyar da kai.

"Wannan kuma taka za ta zama," ya ce. "Tawa waccan ta."

Ya laluba ya ɗauki fatar Fas, ya naɗe ta a hankali, ya ce in miƙo masa butarsa, azahar ta kusa.